Ni Ne Tafintan Inna a Alƙahira

Tun ranar da muka dawo ba a bar ni na huta ba. A majalisarmu ta Fadikpe, a ɗakin malamai, har mai facin da ke bakin layinmu, kowa tambayarsa ɗaya: "Malam Abubakar, ya Masar? Ka ga dalar Fir'auna?" Ban gan ta ba. Mako bakwai na yi a Alƙahira, kuma in ban da asibiti da kantin magani da matakalar wani tsohon bene, ban ga abin da zan ba ku labari ba. To ga shi na rubuta sau ɗaya. Duk wanda ya sake tare ni a hanya zan ce ya je ya karanta, don wallahi na gaji.

Inna, mahaifiyata, ita na kai. Shekara biyu tana fama da ciwon baya, tana ramewa a tsaye. An gwada asibiti a Kuta inda take zaune, an kawo ta Minna, kowa ya rubuta maganin kashe zafi da na ƙarin jini ya sallame mu. Ƙannena suka ce a fitar da ita waje tun tana iya takawa. Da aka zo kan wanda zai raka ta, ko shawara ba a yi ba. Ni ne babba, ni ne malamin Turanci, ni ke da fasfo. Ƙanwata Hauwa ce kaɗai ta ce, "Yaya, da dai mace ce ta bi ta." Na harare ta na ce, "Tuwo za a je tuƙawa? Magana za a yi da likitoci."

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne ni ɗan fari ne. Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san me nake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Wancan" take cewa, ko ta ce wa ƙannena "yayanku". A hannun kakata na girma. Ba ta cin abinci a gabana, in na shiga ɗaki sai ta tanƙwashe ƙafa ta gyara lulluɓi. Shekarata arba'in da shida, ban taɓa zama da ita mu biyu na tsawon awa guda ba. Wannan baiwar Allah aka haɗa ni da ita, aka ce ni ne bakinta, ni ne kunnenta.

Mun bar Minna bayan sallar asuba. Hanyar Suleja ba sai na gaya muku ba, kun san ta: rami na bin rami, tireloli sun yi layi, direba na kaucewa yana tsaki. Duk ramin da muka faɗa sai in ga Inna ta damƙe kujera ta runtse ido. In ce, "Inna, a tsaya ki huta?" Ta ce, "A'a, da sauƙi." A Lambata ta nemi ban ɗaki. Ta daɗe har direba ya fara duba agogo, sannan ta fito da wata baƙar leda a ƙulle ta cusa can ƙasan jakarta. Na gani da idona, ban kawo komai a raina ba.

A filin jirgin Abuja aka fara wasan. Aka ɗora jakar Inna a kan ma'auni, nauyi ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba. Na buɗe. Doya! Manyan doyoyin Gwada guda huɗu, an naɗe su a cikin zannuwa kamar jarirai. Na ce, "Haba Inna!" Ba ta dube ni ba, ta ce wa bango, "To a can me za a ci?" Direbanmu ne ya ci ribar tafiyar, da doya huɗu ya koma Minna yana washe baki.

Da muka sauka Alƙahira aka buga mana hatimi ba matsala, sai wajen binciken kaya. Wani jami'i mai gashin baki ya zuge jakar, warin daddawa ya doke shi, ya ja da baya ya kira abokin aikinsa. Suka zaro ƙullin garin kuka, suka ɗaga shi sama suna jujjuyawa suna kallona. Na yi Turanci, na yi guntun Larabcin makarantar allo, duk a banza. Sai Inna, wadda tun Abuja ba ta yi jimla uku ba, ta matso ta ce, "Gaya masa miya ce. Su ba sa yin miya a garin?" Ta warce ƙullin, ta lakato da yatsa ta lasa, ta miƙa masa ya ɗanɗana. Mutumin ya fashe da dariya ya ce mu wuce. Na faɗi wannan ne don ku san Inna ba matsoraciya ba ce. Matar da ta yi shekara talatin tana ciniki da dillalan hatsi a kasuwar Kuta ba mai kaki ne zai razana ta ba.

Masaukinmu hawa na shida ne a wani bene da 'yan ƙasarmu masu jinya ke kama ɗakuna. Akwai lif, wani keji na ƙarfe mai ƙara kamar injin niƙa. Inna ba ta shiga sai ta rufe ido tana salati har a kai. Rana uku a mako kuwa ba ya aiki, sai mu hau da ƙafa, ina gaba tana baya, don ba za ta yarda in riƙe mata hannu ba. Ƙofar da ke kallon tamu ta Hajiya Ramatu ce, Banufiya 'yar Bida mai shagon atamfa a babbar kasuwar Minna, wadda ta kawo mijinta jinyar ƙoda wata huɗu kafin zuwanmu. Mace ce mai jiki da murya, in tana waya a hawa na shida ana jin ta a titi. Ranar farko ta leƙo ta ce, "Ku mutanen Minna ne? Kai, Allah ya kawo min 'yan'uwa!" Ita ta nuna mana inda ake samun garin masara da kuɓewa.

Abincinsu kuwa, wake da burodi da safe, wake da burodi da rana. Akwai wani da suke ji da shi, shinkafa da taliya da wani ƙanƙanin wake duk a kwano ɗaya, a zuba miyar tumatir da soyayyar albasa. Na sayo wa Inna, ta tona da cokali ta ce, "Mutanen nan ba su gama shawarar abin da za su dafa ba suka sauke." Shayi ne dai ba su da na biyu, sai dai sukarin ya isa a dama kunun gida guda. Ga hayaƙin taba ko'ina, ga hon ɗin mota daga safe har safe.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki a asibiti na gan shi. Mutanen can ba sa tsoron likita ko kaɗan. Na ga tsoho ya riƙe hannun rigar likita a baranda yana zazzaga masa bayani, matarsa na gefe tana ƙaryata shi, 'ya'yansa uku kowa na faɗin nasa, likitan na amsa musu duka yana dariya. Da farko na ɗauka faɗa ake yi. Mu kuwa kun san yadda muke. Mutum zai kwana yana tsara abin da zai faɗa, ya yi sammako ya bi layi, da an kira sunansa ya ga farar riga sai komai ya gudu daga kansa. Ya gaida likita, ya tambaye shi iyali, ya faɗi rabin ciwon, ya yi godiya. Sai ya fito bakin ƙofa ya tuna sauran.

Da aka kira mu, Inna ta tsaya tana cire takalmi a ƙofar ofishin. Na ce ba a cirewa. Ta shiga ta rusuna ta gaida likitan, wani ƙato mai sanƙo, likitan ƙashi, mutumin kirki in ban da sauri. Ta zauna a gefen kujera kamar wadda aka kawo gaban alƙali. A gida in na auna jininta lafiya lau, a gabansa kuwa sai awon ya haura. Ya tambayi ina ke ciwo, na fassara, ta nuna baya. Tun yaushe? "An ɗan kwana biyu." Yana hana ta barci? "Da sauƙi." Akwai wani abu kuma? "Babu komai, mun gode, Allah ya saka."

Aka ɗauki hoton baya, aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito ya ce ƙashin bayan akwai zaizayar tsufa, amma ba ta kai ta rame haka ba, kuma jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Ya cire tabarau ya ce in tambaye ta ko tana zubar da jini ta wani wuri, a bayan gida ko ta gaba. Jama'a, ku sa kanku a matsayina. Na dubi kalandar da ke bango, na murƙushe tambayar na rage mata kaifi, na ce, "Inna, wai ko akwai inda jini ke fita?" Ta dubi ƙasa ta ce, "Babu." Na juya da sauri na ce masa babu. Gaskiyar magana daɗi na ji da ta ce haka, don an wuce wurin.

Mako biyu muka yi a haka. Gashin baya, motsa jiki, allurar ƙarin jini, a koma a ga likita, ta ce da sauƙi. Amma da mun dawo masauki sai bakinta ya buɗe, ba da ni ba, da Hajiya Ramatu, ni kuwa ina jiyo su daga falo. "Waɗannan ma ba su san aiki ba. Duk ɗaya suke da na gida. Likitan kirki ai da ya dube ka ya san abin da ke damunka. Wannan sai tambaya kamar ɗan sanda, ya kuma rubuta abin da ba shi ba." Raina ya ɓaci. Na ƙetare ƙasashe, na bar aji ba malami, na bar iyalina, ana yi mata duk abin da ta ce, sannan ta ce ba a san aiki ba? Ranar da ta ce wa ƙofa, "A gaya wa wancan mu koma gida," na kasa daurewa. Na ce, "Inna, an tambaye ki kin ce da sauƙi, an sake tambaya kin ce babu komai. Duba za su yi su gano?" Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Saura kwana shida tikitinmu ya cika, kuma na riga na yanke a raina cewa mun yi asarar tafiya.

Akwai abin da nake gani kullum ban fahimta ba. Da an idar da asuba Inna za ta shige ban ɗaki ta yi wanki da hannunta, ga injin wanki a ajiye. Kuma ba ta shanya a igiyar baranda inda kowa ke yi, sai a bayan ƙofar ban ɗakin. Na ɗauka tsabtar tsofaffi ce. Washegarin faɗan nan Hajiya Ramatu ta shigo aron gishiri da sassafe, ta tura ƙofar ba sallama yadda ta saba, ta ga ruwan da ke cikin bokiti.

Ina dawowa daga sayen burodi ta tare ni a matakala, hannu a ƙugu. Hausarta irin ta kasuwar Minna ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ta ce, "Malam, kai kana koya wa yara boko amma kai ba ka da wayo. Mama naka yana zubar da jini. Shekara biyu! Tsohuwa wanda ya gama al'ada tun tuni, jini yana zuwa, kai kana kai shi wajen likitan ƙashi."

Na ce, "Hajiya, an tambaye ta a gabana, ta ce babu."

Ta tafa hannu. "A gabanka! Da bakinka! Kai ɗan fari, kana so ya buɗe baki ya gaya maka wannan, kai kuma ka gaya wa wani ƙato? Ko ni da ba na jin kunyar kowa ba zan iya ba."

Na zauna a kan matakalar da ledar burodi a hannu. Ledar Lambata ta dawo min, da maganar Hauwa. Na san wasunku za su ce ban kyauta ba da na rubuta wannan game da mahaifiyata. Na yi tunanin haka. Amma rufe bakin ne ya kai mu inda muke, ni kuma na gaji da shi.

Hajiya Ramatu ta bar mijinta a wajen wankin ƙoda ta bi mu asibiti. Ita ta tsaya a gaban teburin karɓar marasa lafiya da Turancinta na kasuwa ta ce likitar mata muke so, kuma mace, kuma yau. Suka ce sai jibi. Ta ce ba ta san jibi ba. Ta yi irin ta mutanen garin, ta ɗaga murya, ta riƙe hannun wata nas, har aka gaji aka ba mu. A bakin ƙofa ta nuna min benci ta ce, "Kai zauna nan."

Na zauna. Da farko muryar Hajiya kaɗai nake jiyowa. Can sai na ji wata murya ƙasa-ƙasa tana magana ba tsayawa. Sai da na kasa kunne na gane ta Inna ce. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana haka ba. Sun fi rabin awa a ciki. Daga baya Hajiya ta gaya min likitar tasowa ta yi daga bayan tebur, ta jawo kujera kusa da Inna, ta ajiye biro, ta ce ba inda za ta sai ta ji komai. Ko da hakan sai da Inna ta yi kuka kafin ta fara.

Bayan kwana uku na gwaje-gwaje likitar ta kira ni ni kaɗai. Ƙari ne a mahaifa, ciwon daji. Za a yi aiki a cire, amma ya ɗan taɓa gefe, sai an bi da wani magani na watanni bayan mun koma gida. Ta ce irin wannan in an kama shi da wuri aiki ɗaya ya wadatar. Sannan ta tambaye ni, ba da faɗa ba, "Shekara biyu, ba wanda ta gaya wa?"

Sauran makonnin ba abin da zan faɗa sai wahala. Na canja tikiti. Na yi kwana biyu a layin ofishin ƙara wa'adin biza, taga ta tura ni taga, a ƙarshe aka ce hoton da na kawo bai yi ba. Aka yi aikin, Allah ya sa aka dace. Hajiya Ramatu ke shiga tana fita tsakanin mijinta da Inna, ni aikina sayo magani da ɗumama tuwo. Wani abin dariya, asibitin nan dai shi ne, injinan su ne, amma yanzu duk wanda ya kira daga Kuta sai Inna ta ce, "Ai likitocin nan sun san aiki. Akwai wata yarinya, Allah ya yi mata albarka, ita ta gano ciwon." Ba ta gano komai ba sai da aka gaya mata. Zama kawai ta yi ta saurara.

Ana gobe za mu taso na roƙi Hajiya Ramatu abu ɗaya. Na ce ta tambayar min Inna, ni dai na ji, ɗan fari ne, amma me ya hana ta gaya wa likita a gida tun farko? Hajiya ta dube ni ta ce ta riga ta tambaya, tana dai jiran in warke daga zafin labarin farko ne. Wai Inna ta taɓa gwadawa, farkon abin, a wani asibiti a Minna. Ta kwana tana tsara maganar. Da suka gama batun baya ta ce, "Likita, akwai kuma..." Likitan bai ɗago daga rubutu ba, ya ce, "Mama, yi sauri, mutane na jira." Maganar ta maƙale. Sai wanda ya kawo ta, yana tsaye a kanta da makullin mota a hannu, ya ce, "Bayan ne kawai, likita."

Na tuna ranar, ni ne na kai ta. Ina da darasi ƙarfe goma sha ɗaya.

Mun dawo ta hanyar da muka bi, ramukan suna nan inda muka bar su. Inna tana gidana a Fadikpe yanzu, duk bayan mako uku muna zuwa Abuja karɓar magani. Hauwa ke shiga da ita. Ni ina tuƙi, in sayi kati, in nemi benci. Shekaranjiya sun daɗe a ciki, da suka fito Hauwa ta ce Inna har gardama ta yi da likita a kan wata ƙwayar da ke sa ta jiri.

Na buɗe mata ƙofar mota na ce, "Inna, ya jikin?"

Ta gyara lulluɓi, ta dubi gefe ta ce, "Da sauƙi."

Na ɗaga ido na dubi Hauwa da ke tsaye a bayanta. Hauwa ta girgiza min kai a hankali, alamar ba haka ba ne.